Minti Talatin a Furoksin Jirgin Yaya

A gidanmu ni ce ba na bari mutum ya kai ƙarshen zance. Ni dai ban taɓa ɗaukar abin a matsayin aibi ba, saurin fahimta nake kiransa. Mama kuwa cewa take tun a ciki na fara, wai ko wata tara ban bari ya cika ba na fito. A gida Auta ake ce mini. A kamfanin da nake rubuta manhajar kwamfuta kuma Na-gane suka laƙaba mini, don kafin oga ya gama faɗin abin da yake so na riga na ce na gane, na juya ina dukan kibod.

Yayana makanikin inji ne a jirgin ruwa na dakon kaya. Wata biyar ke nan da tafiyarsa, kuma kwana goma sha biyu da matarsa, wadda nake ce wa Anti, ta haifa masa 'ya mace. Bai ga 'yar ba. A jirginsu imel kawai ake bari ma'aikata su aika, shi ma na rubutu zalla, gajere, ba hoto ba murya. Na taɓa yin dabara na matse hoton jaririyar har ya koma haruffa na tura masa. Da ya warware shi a can, sai ya rubuto yana tambaya ko dankali ne muka naɗe a zane. Anti ta wuni ba ta yi mini magana ba.

Sai Yaya ya yi ta bin mai rediyon jirgin da roƙo, shi kuma ya bi kyaftin, har aka yarda da abu ɗaya. Ranar Asabar jirgin zai ratsa kusa da gaɓa, inda intanet ke da sauƙi. Za a buɗe wa Yaya hanya daga ƙarfe biyu zuwa biyu da rabi na rana a agogonmu. Daga nan sai tsakiyar teku, wata biyu cur. Sharaɗin shi ne ba za a yi amfani da manhajojin kiran bidiyo da kowa ya sani ba, don suna zuƙe data. Idan akwai wata 'yar ƙarama mai cin kaɗan, to bismilla. Kafin Anti ta gama karanta mana wannan imel ɗin na riga na ce zan rubuta ta.

Aikin ba wani mai wuya ba ne, a ganina. Manhaja idan za ta yi magana da wata kwamfuta, layi take buɗewa tsakaninsu, mu muna kiransa soket. To amma a jirgin ba a fita kai tsaye. Akwai wata kwamfuta a tsakiya, furoksi, wadda ke zaune kamar maigadi a bakin get. Manhajarka za ta fara buɗe soket zuwa wurinsa ta ce, haɗa ni da adireshi kaza, ƙofa lamba kaza. Idan ya yarda sai ya amsa da lamba ɗari biyu. Daga nan sai ya koma bututu kawai, abin da ka zuba ya wuce. Sai manhajar da ke jirgi da laftof ɗina na gida su gaisa, su kulle maganarsu yadda wani ba zai ji ba, hoto da murya su fara gudu. Hoto ɗaya a daƙiƙa ɗaya na tsara, don kada kyaftin ya yi kuka.

Na rubuta ta layi ɗari da 'yan kai, na tura wa Yaya a cikin imel, mai rediyo ya ɗora masa a kwamfutarsa mai kyamara. Na kafa furoksin gwaji a laftof ɗina, na sa Anti a ɗaki ni ina falo, muka gwada sau arba'in, sau arba'in tana yi. Daga nan fa kaina ya kumbura. Na ce wa Mama ta fara zaɓen kayan da za ta sa. Na ce wa Anti idan abin nan ya ƙi, ta canza mini suna.

Baba ne kaɗai bai ce komai ba, amma shi dama magana ta yi masa tsada. Gyaran agogo ya yi shekara arba'in yana yi, har shekara ɗaya da rabi da ta wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo, da sanda yana tafiya. Hannun ne ya ƙi, yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Magana kuma guntu-guntu take fito masa, kalma biyu, dogon shiru, sai wata kalmar. Kafin ya tafi jirgi, Yaya ne ke zama kowace safiya yana shafa wa hannun nan man zafi, yana miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya. Da aikin jirgi ya samu sai da ya yi sati yana cewa ba zai je ba, kuma har yau kowane imel nasa da tambayar hannun Baba yake ƙarewa. Mu kuma kullum amsarmu ɗaya, da sauƙi.

Ni ce na naɗa kaina mai ƙarasa wa Baba zance. Ya ce ki kawo mini, kafin ya numfasa na dawo da ruwa, ashe tabarau yake so. Ya ce ki kira, na kwaɗa wa Mama kira, ashe mai gyaran famfo yake nufi. Ba ya fushi, kallona kawai yake yi ta saman tabarau. A 'yan makonnin nan kuma ya ɗauki wata ɗabi'a: da an gama karin kumallo sai ya shige ɗaki ya tura ƙofa, mu riƙa jiyo shi yana ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali. Mama ta ce jawabi yake haddacewa don ɗansa, a ƙyale shi.

Ranar Asabar gidanmu ya haukace tun safe. Mama ta canza kaya sau uku, ta kuma fesa turare har sai da na yi atishawa. Na ce mata ƙamshi ba ya bin soket, ta ce in yi abin da ke gabana. Anti ta sa wa jaririya 'yar riga ruwan hoda, jaririyar ta yi tumbuɗi a kai. Ta sa mata fara, ita ma ta sha. Ta uku ce ta tsira, wata ruwan ɗorawa mai hoton agwagwa. An sauya labulen falo, an ja doguwar kujera ta fuskanci tebur, na ɗora laftof a kan littattafai huɗu don kyamara ta daidaita da fuskoki. Baba ya fito da farar rigarsa, ya zauna a tsakiya, ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, wanda shi ya gyara da hannunsa kuma bai taɓa yin latti ko na minti ɗaya ba.

Saura minti biyar kowa ya zauna ya ɗaura murmushi. Mama har ta fara ɗaga wa baƙin allo hannu. Ni kuwa ina ta shirya yadda zan ce ai ba komai ba ne idan aka fara yabona.

Ƙarfe biyu ta buga. Allo baƙi. Biyu da minti ɗaya, baƙi. Murmushin Mama ya fara gajiya amma ba ta sauke shi ba. Biyu da minti biyu wayar Anti ta yi ƙara, imel daga Yaya, kalma biyu kacal: ta ƙi.

Na fizge wayar na rubuta masa ya kwafo mini duk abin da allonsa ya nuna, na mayar wa Anti, na koma kan laftof ina duba ɓangarena. Imel tsakaninmu da jirgi yakan ɗauki minti biyu ko uku, kuma ranar na san tsawon minti uku. Biyu da minti shida amsa ta iso. Anti ta gyara jaririya a kafaɗa ta fara karantawa, ta ce layin farko an rubuta ɗari biyu, sai kuma…

Na ce na gane. Ɗari biyu ai furoksi ya yarda ke nan, matsalar daga gidanmu take. Na rarrafa ƙarƙashin tebur na zare wayar na'urar intanet na mayar, muka zuba wa fitilunta ido suna kamawa ɗaya-ɗaya kamar masu jin barci. Na duba adireshi, daidai. Na duba lambar ƙofa, daidai. Na gwada daga wayata, ta shiga lafiya lau. Sai na koma zargin mai rediyo, mutumin da ban taɓa gani ba, na ce wataƙila ma bai san aikinsa ba. Gumi ya jiƙa mini baya. Mama ta ɗauki murfin kwali tana yi mini fifita, tana tambaya ko dai turaren ne ya yi yawa. Anti kuwa ta sunkuyar da kai tana gyara wa 'yarta wuyan riga wanda ba abin da ya same shi, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Biyu da minti goma sha biyu.

Baba ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya. Na ce masa yanzun nan za ta yi, ya ƙara haƙuri. Ya sake bugawa, da ƙarfi wannan karon, har jaririya ta zabura.

"Ba ta," in ji shi. Ya yi shiru, ya nuna Anti da haɓa. "Gama… karantawa ba."

Anti ta ce ai kuwa da saura, ni ce na katse ta. Kunya ta kama ni, na ce ta ci gaba. Ta ce a ƙasan ɗari biyun manhajar ta yi ƙorafi cewa ta jira gaisuwar laftof ɗin gida amma shirme aka aiko mata, kuma ga shirmen an rubuto. Ta karanta shi da ƙyar, harafi-harafi. Sunan furoksin jirgin ne, da lambar ƙirarsa, da kwanan watan ranar, da lokaci.

Na zauna daɓas a ƙasa. Wannan ai ba shirme ba ne, sauran maganar furoksi ce. Amsarsa ba layi ɗaya ba ce. Yakan ce ɗari biyu, ya faɗi sunansa da 'yan bayanai, sannan ya bar layi guda wanda ba komai a cikinsa, alamar ya gama. Furoksin gwajina duk a numfashi ɗaya yake faɗinsu, don yana cikin laftof ɗin, ba shi da nisan tafiya. Na jirgin kuwa guntu-guntu yake aikowa. Ni kuma sau ɗaya tak na sa manhajata ta saurari soket. Tana jin ɗari biyu sai ta ce ta gane, ta juya ta fara gaisawa da gida, sauran maganar maigadi ta faɗo mata a tsakiyar gaisuwa, ta rikice ta kashe layi. Wato halina na zauna na rubuta layi-layi na aika teku.

Dariya ta kufce mini, irin wadda ba ta da birki. Mama ta ce shi ke nan, yarinya ta zare. Na miƙe na koma kan kibod. Gyaran layi huɗu ne: ta ci gaba da saurare, tana tara abin da ya zo, kada ta ce uffan sai ta ga layin nan da ba komai. Na sa furoksin gwajina ya riƙa jinkiri tsakanin layi da layi, na gwada tsohuwar ta faɗi, na gwada sabuwar ta wuce. Ban yarda in ce wa Yaya ya gyara da kansa ba, na san yatsunsa, kowane ɗaya maɓalli biyu yake dannawa. Na tura masa manhajar gaba ɗaya, na ce a goge waccan a sa wannan. Biyu da minti goma sha bakwai.

Muka koma jira. Ba wanda ya sake ɗaura murmushi. Agogon Baba yana ta tafiyarsa ba ruwansa da mu, kuma a ranar ne na fara jin haushin cewa ba ya latti.

Biyu da minti ashirin da ɗaya allo ya yi fari. Silin ne, da wata fitila doguwa. Bayan daƙiƙa ɗaya sai ga ƙofar hanci ta cika allo. Bayan wata daƙiƙar sai ga Yaya ɗungurungum, da gemun da ba mu san shi da shi ba, cikin shuɗiyar rigar aiki, muryarsa na fitowa kamar daga cikin gwangwani yana tambaya ko muna jinsa.

Abin da ya biyo baya ba zan iya tsara shi ba. Mama ta yi tsalle, mace mai ciwon gwiwa. Ni na zagaya tebur sau biyu ban san dalili ba, na kuma yi karo da littattafan har Yaya ya koma kallon fankar falo sai da na gyara. Kowa na magana lokaci guda. Mama na tambayar dalilin ramarsa da wanda ya ba shi izinin gemu. Wani mutum mai sanƙo ya leƙo ta bayan Yaya ya ɗaga mana hannu, ashe mai rediyon da na gama zagi ne, na gaishe shi da ladabin da ban taɓa yi wa ogana ba.

Sai Anti ta matso ta ɗaga jaririya gaban kyamara. Yaya ya buɗe baki ya tsaya cak. Na ɗauka hoton ne ya tsaya, har na kai hannu kan kibod, sai na ga idonsa na ƙiftawa. 'Yar ta zaɓi wannan lokacin ta yi hamma, kuma da yake hoto ɗaya ne a daƙiƙa, a can sai ya ga baki a rufe, baki wangale, baki a rufe. Ya yi dariya har da dukan tebur. Ya ce ashe ba dankali ba ce. Anti ta ce zai dawo ya same ta. Ya tambayi nauyinta, da ko tana barci, da ko kunnuwan nan nasa ne, Anti ta ce nasa ne mana, wa zai yi wa 'yarsa wannan in ba shi ba. Na koma gefe ina kallonsu, daɗi ya cika mini ciki har ina jin kamar in yi kuka.

Biyu da minti ashirin da bakwai Baba ya ce a ba shi 'yar. Mama ta ɗauko matashin da aka saba tokara masa a hagu, don da hannu ɗaya yake riƙe ta. Ya girgiza kai. Anti ta kwantar masa da ita a kan hannun hagun, tana tsaye kusa ko da wani abu. Yaya ya matso da fuskarsa ya gaishe shi, muryarsa ta sauya, ya tambayi jiki.

"Ka ga," in ji Baba.

Sai shirun nan ya zo. Minti biyu da 'yan daƙiƙu suka rage, ina ganinsu a bango. Ƙarshen zance har uku suka taru a bakina: ka ga 'yarka, ka ga ikon Allah, ka ga ta yi kama da kai. Kowanne zai yi, kowanne zai cece mu daƙiƙa ashirin. Harshena har ƙaiƙayi yake. Na cije yatsana. Na ga Mama ta buɗe baki za ta taya shi, na damƙe mata hannu, ta dube ni da mamaki, don ba ta taɓa ganin na hana wani katse zance ba.

Baba ba kalma yake nema ba. Hannun damansa yake kallo. Leɓensa na motsi, ɗaya, biyu, uku. Sai hannun ya ɗaga daga cinyarsa. Yana karkarwa, yana tafiya kaɗan-kaɗan, ya tsaya a hanya, ya ci gaba, har ya shiga ƙarƙashin kan jaririyar, yatsun suka buɗe suka tallafe ƙeyarta. Ashe abin da ake ƙirgawa a ɗaki ke nan.

"Da biyu," ya ce. "Na riƙe ta… da biyu." Ya numfasa. "Hannun… da ka shafa ne. Ka yi… aikinka. Kar ka damu."

A allo muka ga Yaya hoto-hoto: yana kallo, ya rufe fuska da tafin hannu, ya buɗe fuskar a jiƙe. Mai rediyo ya dafa kafaɗarsa ya juya baya. Yaya ya ce, "Na gani, Baba. Wallahi na gani." Ya ƙara matsowa kamar zai shigo falon. Agogon bango ya nuna biyu da rabi, hoton ya tsaya a kan fuskarsa, sannan allo ya koma baƙi.

Mama tana kuka tana dariya, kwallinta ya zubo har kumatu. Anti ta durƙusa gaban Baba. Ni kuma ina tsaye da shatin haƙorana a yatsa, ina jin kaina wata sabuwar mutum, mai haƙuri, mai nutsuwa, wadda daga yau ba za ta sake katse kowa ba.

Baba ya dube ni ta saman tabarau. "Auta," ya ce. "Ki…"

Na harɗe hannuwana na jira. Na yi masa murmushi irin na ɗauki lokacinka, Baba, ba inda za ni. Ya sake cewa ki, na gyaɗa kai cikin natsuwa, ina alfahari da kaina. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Ki karɓe ta mana," ya ce, duk a numfashi ɗaya. "Hannun ya gaji."

Mu uku muka yi kansa a guje, ni na riga su. Da na ɗauke ta, hannun ya koma cinyarsa a hankali, shi da kansa ya sauke shi, ba faɗuwa ya yi ba. Kafaɗunsa na girgiza, sai da na duba da kyau na gane dariya yake yi. Na zauna kusa da shi da 'yar a ƙirjina, Mama ta tashi ta ɗauko kwalbar man zafi a ɗakinsa.